Abin da na koya daga kiɗan daji da na rubuta

Shekara guda cur na shafe ina rubuta kiɗan kammala karatuna. Irin kiɗan nan ne da babbar ƙungiyar makaɗa ke yi a zango ɗaya, babu murya babu kalma, amma yana ba da labari, salon da Franz Liszt ya kafa a birnin Weimar na Jamus a shekarun 1850. Labarin nawa na daji ne bayan faɗuwar rana, da wata aljana da ke fitowa daga kogon bishiya tana kiran iska.

Muryar aljanar na ba wa sarewa, a sautinta na ƙasa-ƙasa, domin a nan ne take da taushin da nake nema. A kwamfuta komai ya fito rangaɗau, saboda na'ura ba ta san cewa sarewa ba ta da ƙarfi a wannan matakin ba. Ranar atisaye, ƙaho huɗu da na jera a bayanta suka binne ta gaba ɗaya. Ina kallon mai busa, kumatunsa na motsi, yatsunsa na tafiya, amma ko kaɗan ban ji shi ba. Malamina, wanda ya riƙe takardun nan wata da watanni kuma ya sa musu hannu, shi ne ya tsayar da kiɗan ya ce a gaban kowa, "Wannan hayaniya ce kawai." Har yau ina ganin da ya duba aikin da gaske, da tun a ofishinsa ya nuna mini kuskuren.

Mai kaɗa garayar Turawa ce ta yi mini gyaran da ya amfane ni. Bayan an watse ta kira ni gefe, ta nuna mini tsirkiya 47 da feda 7 da ake takawa don sauya sauti, sannan ta ce, "Ƙanena, ƙafa biyu gare ni, ga shi ka ba ni sauyi huɗu a bugu ɗaya." Tun daga ranar nake kai kowane shafi wurin mai kayan kiɗan kafin in ɗauke shi a matsayin kammalalle. Na kuma koyi bar wa masu busa wurin shan iska.

A atisaye na biyu na cire ƙahonin daga wannan gaɓar, na bar masu goge su kaɗai suna rawar sauti a hankali kamar ganye. Sarewar ta fito sarai, ba tare da na ɗaga ta ko mataki ɗaya ba, duk da cewa malamin ya umarce ni in ɗaga ta.