Abin da zangon matafiya na Kawaba ya koya mini game da kasuwar manomi

A duk karatun da na yi a Japan kan yadda amfanin gona ke barin hannun manomi ya isa hannun mai saye, babu wurin da ya gyara mini tunani kamar wani zangon matafiya da ke ƙauyen Kawaba a lardin Gunma. Malaminmu ne ya kai mu, kuma aikin da ya ba mu shi ne mu gano dalilin da ke sa direba ya taka birki a nan maimakon ya wuce.

Japanawa na kiran irin wannan zango michi-no-eki. Gwamnati ta fara yi musu rajista a 1993 da guda 103, yau kuwa sun haura 1,200. Kafin a yi wa wuri rajista, dole ya zama yana da filin ajiye mota da banɗaki kyauta, a buɗe dare da rana, da inda baƙo zai samu bayanin hanya da na gari, sannan ya zama yana amfanar mutanen yankin. Galibi ƙananan hukumomi ne ke kafa su.

Kawaba na gindin tsaunin Hotaka, gonakin shinkafa da lambunan tuffa sun kewaye shi. Mutanensa 3,000 ne da 'yan kai, ko tashar jirgin ƙasa babu, sai an je birnin Numata da ke maƙwabtaka da su. Amma zangonsu, mai suna Den'en Plaza, yana karɓar baƙi sama da miliyan 2 a shekara. Kyawun wurin yana taimakawa, babu musu, sai dai ƙauyuka masu kyau a Japan ba sa ƙirguwa, kuma da yawansu matasa sun watse sun bar tsofaffi.

Inda na fi daɗewa shi ne rumfar manoma. Kowane ƙullin alayyafo, kowace ledar kokwamba, akwai 'yar takarda a jiki ɗauke da farashi da sunan wanda ya noma. Manomi ne ke kawo kayansa da sassafe, shi ke yanka kuɗi, shi ke jerawa. Ma'aikatan zangon su sayar, su cire ɗan kasonsu, sauran ya shiga asusunsa. Abin da ya yi kwantai shi ne zai zo ya kwashe. Wannan tsari ya ɗora wa manomi nauyi biyu a lokaci guda, kuma a ganina duka biyun alheri ne gare shi. Idan ya tsauwala kuɗi, da yamma zai ga kayansa na nan jibge, na maƙwabcinsa sun ƙare. Idan ya cusa ruɓaɓɓe a ƙasan leda, sunansa na jiki, mai saye ba zai manta ba. Na ga wata mata tana ɗaga ledoji ɗaya bayan ɗaya, ba farashi take dubawa ba, sunan wani manomi take nema, domin ta taɓa cin tumatirinsa ya yi mata daɗi.

Akwai kuma waɗanda babbar kasuwa ba ta da gurbinsu. Tsohuwar da ke da ɗan lambu a bayan gida ba za ta iya cika mota ba, kuma kokwambar da ta lanƙwashe ba ta shiga kwalin manyan 'yan kasuwa, ko da ɗanɗanonta ya fi na miƙaƙƙiya. A rumfar nan leda goma ma kaya ne. Wannan ya taɓa ni sosai, don na san mata irinta a gida masu yawa.

Ba ɗanyen kaya kaɗai suke sayarwa ba. Madarar shanun yankin ta zama kindirmo da cuku a nan cikin zangon, shinkafarsu mai suna Yukihotaka ana dafa ta a sayar wa baƙo yana zaune yana kallon gonar da ta fito. Ni dai a kan kindirmo da tuffa da shinkafa na tsaya, domin naman da ake gasawa a wurin akasari na alade ne.

Da muka koma aji, yawancinmu gini muka yaba. Malamin ya ce mu koma 1981. A shekarar ce Kawaba ta ƙulla yarjejeniyar zumunci da Setagaya, ɗaya daga cikin gundumomin Tokyo mafiya yawan jama'a. Daga baya yaran firamare na Setagaya suka riƙa zuwa suna kwana a ƙauyen, suna shiga gona, suna hawa tsauni. Lokacin da aka gina zangon a shekarun 1990, akwai dubban gidaje a Tokyo da suka riga suka san hanyar Kawaba, suka san ɗanɗanon tuffarta. Masu saye sun riga ginin zuwa. Tun daga ranar, duk takardar neman tallafi da na karanta wadda ta fara da bulo da siminti, sai na nemi shafin da ya faɗi waye zai tsaya ya saya, kuma me zai dawo da shi.

Amsar tambayar malamin kuwa banɗaki ce. Iyali da yara da tsofaffi a mota suna tsayawa ne inda suka tabbata za su samu wuri mai tsabta, kuma wanda ya sauko ya miƙe ƙafa, da wuya ya koma mota hannu rabbana. Filin da ruwan da wutar irin waɗannan zangunan sun yi wani amfanin ma: bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta 2011, zangon garin Tono a lardin Iwate ya zama sansanin masu aikin ceto.

A rahoton da na miƙa, na ɗauki hanyar Kano zuwa Zariya, inda manoman Kura da Kadawa ke jera kwandunan tumatir a bakin titi lokacin rani. Kayan akwai, motocin ma akwai. Amma matafiyi na saye ne ta taga cikin gaggawa, bai san wanda ya noma ba, shi ma mai sayarwa bai sa ran sake ganinsa ba. Shawarar da na bayar ita ce ƙungiyar manoma ta fara da rijiyar burtsatse, da banɗakin maza da na mata, da wurin alwala da sallah, da inuwar ajiye mota, sannan kowane kwando a rubuta masa sunan mai shi da lambar wayarsa.