Hummus ɗin gida mai santsi

Nan Makka, kowace baƙala, wato shagon kayan abinci, a Shara Mansur za ka samu hummus na gwangwani, niƙaƙƙen waken nan da riɗi da Larabawa ke dangwala da burodi, amma ni ba ya shiga kicin ɗina. Ɗanɗanon ƙarfen nan ba ya ɓuya.

Busasshen waken hummus, wanda ake kira chickpeas da Turanci, nake saye, kofi 1, in jiƙa shi tun bayan Isha'i har safiya. Wajen dafawa ina zuba bekin soda rabin ƙaramin cokali, aikin da kanwa take yi wa wake a gida. Ita ke sa ɓawon ya saki ya taso saman ruwa, sai ki kwashe da matsami. Ki bar shi ya dahu luguf, har ki murza ƙwaya ɗaya tsakanin yatsu ta narke. Yawancin masu kukan nasu ya yi tsaki-tsaki, a nan suka yi gaggawa.

Ɗahina, wato niƙaƙƙen riɗi, rabin kofi nake sawa, kuma ba na rowarta. Ita nake fara bugawa a bulenda da ruwan lemun tsami, gishiri da tafarnuwa ƙwaya 1, har ta yi fari ta yi kauri. Sannan waken, da zafinsa. Yana niƙuwa ina jefa ƙanƙara ɗaya-ɗaya. Sanyin ne ke sa ya tashi ya yi laushi.

Man zaitun kuwa a sama ake kwarara shi, a barbaɗa kammun, wato garin cumin. Maigida da burodin tamis mai zafi yake so, yaran kuma da kokwamba suke dangwala.