Dalar Baba da dalar Amurka

Ranar da na fara yi wa Baba maganar karatun nan, muna zaune ne a bakin shago bayan la'asar, yara suna sauke katan-katan na sabulu daga mota. Na ce masa akwai jami'a a jihar Ilinoi ta Amurka da ke ba da digiri na biyu a harkar kasuwanci, karatun kuma ta intanet ake yin sa, mutum yana ɗakinsa a nan Garwa zai yi karatun har ya gama, sai dai kuɗin ya haura dala 20,000. Ya ɗaga kai sama yana lissafi, can ya ce, "Jaka ɗari? To me kake jira?"

Na yi dariya har da hawaye. A kasuwarmu dala sefa 5 ce tun kaka da kakanni, shi ya sa Baba ya buga lissafinsa ya samu sefa 100,000. Da na ce masa ai dalar Amurka nake nufi, abin da ya haura sefa miliyan 10, bai ce uffan ba. Ya juya ya ce wa yaron shago a sake ƙirga katan ɗin nan.

Na yi lisansi, wato digiri na farko, a fannin tattalin arziki da gudanarwa a jami'ar Ngaundere, can Dang, na ƙara shekarar farko ta masta, sai ciwon ƙafa ya kwantar da Baba na dawo gida na riƙe littafin shago. Shekara takwas ke nan. A Dang sefa 50,000 muke biya a shekara, kamar kowace jami'ar gwamnati a Kamaru, saboda haka duk farashin da na gani a intanet sai ya zame mini kamar an yi kuskuren ƙara sifili. Komawa aji kuwa ba ta taso ba, ga iyali ga shago. Ko da aka buɗe jami'ar Garwa a 2022, matsalata tana nan, domin lokacin da malami ke aji shi ne lokacin da 'yan sari daga garuruwan Gidar da Figil ke tsaye a kaina.

Na yi wata biyu ina leƙe-leƙe. Na ga na Ilinoi ɗin da ake yi ta Coursera, wani shafin karatu na intanet, na ga University of the People wadda ba ta karɓar kuɗin makaranta amma kowane darasi sai ka biya kuɗin jarrabawarsa, da dala. Turancina na kasuwa ne, wanda na koya wurin abokan ciniki na Yola da Mubi, ya ishe ni ciniki amma bai kai na rubuta shafi ashirin ba. Duk da haka ba Turanci ne ya yanke hukuncin ba. Baba ne, bayan kwana uku da waccan dariyar, ya tambaye ni, "Wanda za ka biya ɗin, kuɗinsa tsayawa yake yi ko tafiya?"

Tambayar ɗan kasuwar iyaka ce. Mun ga abin da ya sami naira tun da gwamnatin Najeriya ta sake ta a watan Yunin 2023: dala ɗaya daga wajen naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Ɗan ƙanwar Baba da ke Yola yana tsakiyar irin wannan karatu a lokacin, ya ajiye shi, don kuɗin da ya tanada na shekara bai ƙara isar zango ɗaya ba. Sefa ba ta faɗi haka ba, amma ita ma hawa da sauka take yi a gaban dala. A gaban yuro kuwa a ɗaure take tun 1999, yuro ɗaya sefa 655.957, yau da gobe. Mutane da yawa suna zagin wannan ɗauri, kuma ina fahimtarsu, ni ma ba masoyinsa ba ne. Baba ma bai manta Janairun 1994 ba, da aka wayi gari an raba darajar sefa biyu yana da bashin kaya a kansa. Amma wanda zai biya makaranta da adashi yana bukatar lambar da zai rubuta a watan Satumba ya tarar da ita yadda ya bar ta a watan Maris. Nan na rufe shafin Amurka na koma neman masu karɓar yuro.

Ta hanyar AUF na samu, ƙungiyar nan ta jami'o'in da ke koyarwa da Faransanci. Kowace shekara suna fitar da jerin karatun nesa na jami'o'in Faransa da na Afirka, kana cike takardun a shafinsu, kuma suna ɗauke wa wasu ɗalibai wani kaso na kuɗin. Na nemi wannan tallafi ban dace ba. Gurbin karatun dai na samu, shekara ta biyu ta masta a gudanar da kamfani, a wata jami'a ta Faransa, yuro 2,400 a biya kashi uku.

Haɗa dosiye ya ci mini mako uku. Kwafin difloma da takardun maki na kowace shekara, kowanne sai an manna masa tambur na sefa 1,500 an buga hatimi a ofishin hukuma. Wannan duk wanda ya taɓa neman aiki a ƙasar nan ya san shi. Abin da ya ba ni wuya shi ne takardar shaidar aiki. Wa zai shaide ni? Shekara takwas ina aiki ba takardar albashi ko ɗaya, mai gidana mahaifina ne, albashina kuwa "ɗauki abin cefane". Sai da na zauna na rubuta wa kaina takardar, na lissafa abin da nake yi da gaske: sayen kaya daga Duwala da Najeriya, bin bashi, biyan haraji, canjin naira da sefa, kula da yara shida. Muka sa aka sassaƙa wa shago hatimi, karo na farko a tarihinsa. Na karanta wa Baba da Hausa, ya ce, "Duk kai kake yin wannan? Ni kuma me nake yi?" Sannan ya sa hannu da ajami. A hirar da suka yi da ni ta bidiyo, malamar ba ta tambaye ni makin Dang ko sau ɗaya ba. Minti ashirin muka yi a kan yadda ake ba ɗan sari kaya bashi ba tare da takarda ba, da abin da ake yi in ya ɓace.

Kashin farko, yuro 800, wato sefa 524,766, adashi ne ya biya. Mu goma sha biyu ne, kowa 50,000 a wata, kwasa 600,000. Layina na tara ne. Na je har gida na sami uwar adashin, na ce, "Hajiya, alfarma na zo nema, ku taimaka ku sa ni a gaba." Ta ce, "Ɗana, aure za ka ƙara?" Na ce karatu ne. Ta dube ni ta ce aure dai ta san inda yake ƙarewa, amma ta yarda, bisa sharaɗin in shawo kan mai layin farko da kaina. Buhun shinkafa ya shawo shi.

Bashin banki ban ma tsaya dogon tunani a kansa ba. Ba ni da albashin da ke shiga asusu, kuma ko da ina da shi, kuɗin ruwa ba ya shiga gidanmu.

Samun kuɗin daban, fitar da shi daga Garwa daban. Tun 2019 da sabuwar dokar canji ta BEAC, babban bankin yankinmu, ta fara aiki, ba ka tura kuɗi waje sai da hujja a rubuce: takardar samun gurbi, takardar kuɗin makarantar, katin shaida. Na kai duka. Bankina ya ce sunana a takardar jami'a ya sha bamban da na katina da harafi ɗaya, aka dawo da dosiyen. Na gyara, aka ce an aika hedikwata. Kwana 19 ina zarya, wa'adin biya ya wuce, jami'a ta rufe mini shafin darussa har sai da na aika musu hoton rasit. Tun daga nan nake fara shirin biya wata guda kafin lokaci.

Sai kuɗin da ba a rubuta a ko'ina ba. Ladan banki a kowane aike. Intanet na wata-wata, wanda darasin bidiyo ke sha kamar rani na shan rijiya. Watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke wuce 40 kuma ruwan Lagdo, madatsar da ke ba mu wuta, ya ja baya, wuta sai ta ga dama, dole na sayi faifan sola da batir don kwamfuta kada ta mutu ana tsakiyar aikin rukuni da 'yan Dakar da Abijan. Jarrabawa kuma ba a ɗaki ake yin ta ba, sai na hau mota zuwa cibiyar AUF da ke Ngaundere, a zauna a gaban mai sa ido, ga kuɗin mota ga na masauki. Da na tara waɗannan duka, sun kusa kai wani kashi na huɗu. Su ne maiɗakina ta sayar da tumakinta biyu gab da Layya ta toshe, ba tare da na roƙa ba, kuma ba ta bari na manta.

Akwai sauran aiki a gaba: in na karɓi takardar, sai na kai ta ma'aikatar ilimi mai zurfi a Yawunde a tantance daidaitonta da ta gida, in har ina son gwamnati ta san da ita. Wannan tafiyar jirgin ƙasa ce ta dare guda daga Ngaundere, na bar ta sai lokacinta.

Kashi na biyu Baba ne ya bayar. Ban roƙe shi ba, ya ga ina ta juya takarda a shago ne ya ce, "Nawa ne, da dalarmu?" Na ce dala dubu ɗari da biyar, ba kaɗan. Ya buɗe akwati ya ƙirgo, na ce, "Allah ya ƙara girma, Baba, Allah ya saka muku da alheri." Ya ce amin. Washegari da na buɗe littafin bashi don in shigar da cinikin kasuwar Lahadi ta Pitowa, sai na ga sabon layi da rubutunsa na ajami, tsakanin wani mai shago na Gidar da wata mai tuyar ƙosai. Sunana ne, da adadin, da wa'adi: bayan kakar auduga.