Kafin a ƙara wa sabar faifai

Duk mai kula da sabar a ofis, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanai da manhajojin kowa, ya san ranar da umarnin df mai auna cikar faifai ke nuna kashi 100. Manhajar karɓar kuɗi ta daina fitar da rasit, imel ya maƙale, shafin ma'aikata ya ƙi buɗuwa. A irin wannan rana maganar shugaba ɗaya ce: "Malam, ba an sayo sabon faifai ba? A saka mana shi mu ci gaba da aiki." Kuma ba a ga laifinsa ba, domin a idonsa wuri ne ya ƙare, wuri kuma aka sayo. Abin da aiki ya koya mini shi ne, ranar da sabar ta cika ita ce ranar da ɗaukar kwafin ajiya ya fi wahala, kuma ita ce ranar da aka fi buƙatarsa.

Ƙara wuri ba kamar jona filas ba ne. A sabar Linux mai amfani da LVM, tsarin da ke haɗa faifai cikin rukuni a riƙa yanka kaso daga ciki, sai an shirya sabon faifan da pvcreate, a shigar da shi rukuni da vgextend, a faɗaɗa kason da lvextend, sannan a shimfiɗa tsarin fayil da resize2fs idan nau'in ext4 ne, ko xfs_growfs idan nau'in XFS ne. Galibi komai na tafiya lafiya, har ma ba sai an kashe na'urar ba, kuma wannan sauƙin ne ke sa mutane sakin jiki. Amma kowane mataki yana taɓa bayanan da ke nuna wa na'ura inda kowane fayil yake kwance. Sunayen faifai kamar sdb da sdc suna iya musanyawa bayan an sake kunna na'ura, harafi ɗaya kawai ya raba sabon faifai da wanda ke ɗauke da ajiyar shekaru. Inda babu LVM kuwa, tsohuwar hanya ita ce a goge kason a fdisk a sake zana shi da girma, kuma dole ya fara daidai daga inda tsohon ya fara. In ya goce, na'ura ba za ta gane komai a ciki ba. Idan teburin da ke nuna rabon faifan tsohon nau'in MBR ne, yawanci ba ya wuce terabait 2, sai an mayar da shi sabon nau'in GPT, wani aikin tiyata ke nan na daban. XFS kuma idan ka faɗaɗa shi, ka sa a ranka babu komawa baya. Mu da ke aiki inda ake ɗauke wuta ba sallama, akwai ƙarin abin tsoro: batirin UPS da ya tsufa ba zai jira a tada janareto ba.

Akwai kuma abin da ba kowa ke lura da shi ba. Idan aka haɗa faifai biyu suka zama kaso ɗaya ba tare da RAID ba, wato tsarin da ke sa faifai su tallafi juna in ɗaya ya mutu, mutuwar ɗaya daga cikinsu ta isa ta lalata kason. Wuri ya ƙaru, hanyar asara ma ta ƙaru.

To a ɗauki kwafi mana, in ji mai karatu. A nan gizo ke saƙar. Yawancin rubutattun umarnin da ke ɗaukar kwafi da daddare suna fara haɗa fayil ɗin ne a kan faifan sabar kafin su tura shi wani wuri. Idan babu fili, umarnin tar mai ƙunshe fayilolin zai tsaya a tsakiya ya bar fayil mai suna daidai, mai kwanan wata daidai, amma cikinsa guntu. Kuma sabar ba ta cika a dare ɗaya. Tana iya yin makonni tana kan gaɓa, wato kwafin da kowa ke dogaro da shi yana iya zama guntu tun tuni. Shi ya sa abu na farko da nake dubawa shi ne girman fayilolin kwafin na kwanakin baya a jere. Idan bayanai na ƙaruwa amma kwafi na raguwa, ba na buƙatar wani ya gaya mini akwai matsala.

Hoton LVM, wanda ke daskarar da yanayin kaso a wani lokaci, shi ma yana buƙatar fili a cikin rukunin, kuma idan filin da aka ware masa ya cika, hoton ya tashi aiki. Ko ya yi kyau ma, a kan faifan da ake shirin taɓawa yake zaune.

Don haka sai an fara samar wa sabar wurin numfashi, cikin natsuwa. Tsofaffin fayilolin log, wato rahoton da na'ura ke rubutawa a kan ayyukanta, da ke /var/log, da ragowar fayilolin da aka sauke don girka manhajoji su ne na farkon gogewa. Wani lokaci ka goge babban fayil amma df bai motsa ba, saboda wata manhaja na riƙe da shi a buɗe. Umarnin lsof zai nuna manhajar, da an sake kunna ta filin ya dawo. Wani lokaci kuma ba girma ne ya ƙare ba, adadin fayilolin da tsarin zai iya ɗauka ne, df -i ke tona wannan. Tsarin ext4 yakan ware kashi 5 cikin 100 don mai iko da na'ura, ana iya rage shi na ɗan lokaci da tune2fs. Abin da ba na yarda kowa ya sa wa hannu shi ne foldar rumbun bayanai. Fayilolin da ke foldar pg_wal ta manhajar rumbun bayanai PostgreSQL sukan yi kama da shara ga mai neman fili cikin gaggawa, alhali goge su da hannu na iya hana rumbun tashi gaba ɗaya.

Daga nan kwafin ya fita waje kai tsaye, ko da umarnin kwafi rsync zuwa faifan waje, ko a zuba abin da pg_dump ko mysqldump, masu ɗaukar kwafin rumbun bayanai, ke fitarwa ta amintacciyar hanyar ssh zuwa wata na'ura ba tare da ya sauka a sabar ba. Kwafe fayilolin rumbu yana cikin aiki kamar ƙirga awaki ne suna shige da fice a garke, lissafin ba zai taɓa daidaita ba. Ko a yi amfani da kayan aikin rumbun, ko a tsayar da shi tukuna. Sannan kar a manta da ƙananan abubuwa: foldar /etc, teburin faifai da sfdisk ke fitarwa, tsarin LVM, da makullan sirri idan an kulle faifan. Ba su da nauyi, amma su ke raba gyaran awa biyu da na kwana biyu.

Nakan ji ana cewa, "Ai muna da RAID." RAID yana kare ka daga mutuwar faifai ne kawai. Umarnin da ya goge bayanai zai goge su a dukkan faifan lokaci guda. Faɗaɗa RAID 5 kuwa yana sa tsofaffin faifai karatu da rubutu na awanni ba hutu, kuma sau da yawa tare aka sayo su, tare suka tsufa.

Darasin da ya fi zauna mini a rai daga abin da ya sami kamfanin GitLab, mai ajiye wa masu rubuta manhaja aikinsu, na ɗauke shi. Ranar 31 ga Janairun 2017, wani injiniyansu yana gyaran rumbun bayanai ya goge folda a babbar sabar a maimakon ta biyu, kusan gigabait 300 suka tafi. Da suka waiwayi hanyoyin ajiyarsu, sai suka tarar kwafin pg_dump ya daɗe ba ya aiki saboda sigar manhajar ba ta dace da ta rumbun ba, saƙonnin gargaɗin kuma ba sa isa ga kowa. Abin da ya cece su hoton LVM ne da aka ɗauka kimanin awa 6 kafin nan don wani aikin gwaji, kuma bayanan waɗannan awannin sun tafi ke nan. Ina girmama su don sun bayyana komai a fili, har aikin dawo da bayanan suka nuna kai tsaye a YouTube. Ƙwararru ne, suna da hanyoyin ajiya da yawa a rubuce, abin da ya rage shi ne babu wanda ke gwada dawo da su a kai a kai. A wurina, kwafin da ba a buɗe shi a wata na'ura an ga manhaja ta tashi, an nemo rasit na jiya da na bara an gan su ba, ba a gama ɗaukarsa ba.

Sai batun inda za a ajiye shi. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen sabar na kamfanin OVH mai ba da hayar sabar a Strasbourg ta Faransa, kuma wasu da kwafinsu ke wuri ɗaya da sabarsu sun rasa duka biyun. Ƙa'idar da aka sani ita ce kwafi 3, a kan ma'adana iri 2, ɗaya a wani wuri daban. Tura shi ta intanet yana da kyau in layin zai ɗauka, amma a yi lissafi tukuna: gigabait 500 a kan layin megabit 10 zai ci fiye da kwana 4 ko da bai yanke ba. A ofisoshi irin namu, faifan waje da aka kulle da kalmar sirri aka kai wani gini ya fi kusa da abin da zai yiwu a daren.

Wurin shugaba kuma, na gane dogon bayanin fasaha ba ya amfani. Abin da nake ce masa shi ne, "Yallaɓai, na samar da filin da za a yi aikin yau. Da daddare zan ɗauki kwafi in gwada shi, gobe bayan an tashi in saka faifan. Ina roƙon a zuba wa janareto mai, a bar shi a kunne har in gama." Mutum in ya ji an ba shi lokaci tsayayye, kuma aikinsa bai tsaya ba, da wuya ya ƙi.

Bayan an faɗaɗa, ba na goge kwafin nan da nan. Wasu ɓarnar sai an sake kunna na'ura, ko an zo rufe lissafin ƙarshen wata, suke bayyana. Sannan sai a koma a binciko abin da ya cika faifan tun farko, domin in log ne ke kumbura babu mai datse shi, sabon faifan ma wata nawa zai yi. Nakan saita gargaɗi a kashi 80, ya riƙa zuwa wayar mutum biyu, kuma in cika wata folda da gangan don in ga saƙon ya iso.