Kujerar baya ce ta zaɓa mana mota

Mu shida ne a gida: ni, da uwargida, da yara huɗu. Idan Hajiya ta zo daga Kano ta yi watanninta a wajenmu nan Manchester, mun zama bakwai. Wannan lissafin kaɗai ya zubar da fiye da rabin motocin da abokai suka yi ta turo min a WhatsApp tun da suka ji ina neman jif mai aiki da lantarki. BMW iX da kowa ke yabon laushin tafiyarta kujera biyar gare ta. Porsche Macan ta lantarki ma biyar. Tesla Model X tana ɗaukar mutum bakwai, ga ƙofofin bayan nan masu ɗagawa sama da yarana ke mutuwar so, amma tun 2023 kamfanin ya daina ƙera ta da sitiyari a dama, mu kuwa nan Ingila gefen hagu na titi ake bi. Ba zan sayi motar wannan kuɗi ba sannan in riƙa fita ina zagayawa don in ciri tikiti a ƙofar wurin ajiye motoci.

Da aka tankaɗe, huɗu suka rage: Mercedes EQS SUV, Volvo EX90, Kia EV9, sai Hyundai Ioniq 9 da ta fito daga baya.

Gwamnatin nan ta ce daga 2030 za a daina sayar da sabbin motoci masu shan fetur ko dizal zalla, amma gaskiya ba wannan ne ya ɗaga ni ba. Tsohuwar motarmu ta dizal ce ta fara yawan ziyartar gareji, sannan wurin aikina yana da tsarin da ake ba ma'aikaci hayar mota a cire kuɗin daga albashinsa kafin a yanki haraji. Hukumar haraji tana ɗaukar motar a matsayin wata alfarma da wurin aiki ya yi maka, don haka tana da nata kason. A motar lantarki kashi 3 cikin ɗari na farashin motar ake lissafawa a shekarar haraji ta 2025/26, yana ƙaruwa kaɗan kowace shekara. A babbar jif mai shan dizal kuwa yana kaiwa kashi 37. Wannan tazarar ce ta cika titunan unguwarmu da manyan motocin lantarki, ba wai kowa ya yi arziki dare ɗaya ba.

Ranar gwaji na ƙi zuwa ni kaɗai. Na ɗauki Hajiya, da uwargida, da babban ɗana wanda ya kusa kamo ni a tsawo, da kujerar autarmu, da wani ƙaton akwati. Mai sayarwar yana ta yi min bayanin ƙarfin inji da daƙiƙun da mota ke ɗauka ta kai gudun mil 60, ni kuma hankalina yana kan gwiwar Hajiya. Batirin waɗannan motoci a shimfiɗe yake ƙarƙashin daɓen mota, shi ya sa hawansu akwai ɗan tudu. Ta kama mariƙin saman ƙofa, ta ce bismillah, ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta tsaya ta gyara zaninta, sannan ta hau. Da ta zauna sai ta miƙe ƙafafunta ta ce, “To, wannan ba ta da ƙullutun nan na tsakiya.” Haka ne kuwa: tunda babu sandar da ke kai juyi daga inji zuwa tayoyin baya, daɓen a miƙe yake daga wannan ƙofa zuwa waccan, wanda ya zauna a tsakiya ba ya rasa inda zai sa ƙafa.

Mercedes ce muka fara sallama, ba don ba ta yi kyau ba. Cikinta ya fi na kowa. Akwai wadda gilashin allo ya shafe gabanta daga gefe zuwa gefe, tayoyin baya kuma suna ɗan karkacewa idan za ka juya, sai ka ji doguwar mota ta zagaya a ɗan fili. Amma layin kujerunta na uku na ƙananan yara ne, ɗana ya shiga gwiwarsa ta kusa taɓa haɓarsa. Farashinta kuma ya haura fam 120,000. Wanda ya ga zai iya, to kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada.

Volvo ce ta wahalar da ni, don ita zuciyata ta so. Su ne fa suka ƙirƙiro bel ɗin mota mai maƙali uku a 1959, suka kuma bar sauran kamfanoni su yi amfani da shi kyauta. Uban yara huɗu ba ya jin wannan tarihi ya share. An nuna EX90 a ƙarshen 2022, amma ba ta isa hannun masu saye ba sai 2024 saboda aikin manhajarta ya ja lokaci. A jihar South Carolina ta Amurka ake haɗa ta, duk da kamfanin na Suwidin ne, mamallakinsa kuma Geely na Sin tun 2010. A hanya shiru take ƙwarai, har kana jin ganyen takardar da yaro ke juyawa a baya, kujerunta kuma ba sa gajiyar da baya. Uwargida ce ta zauna a mazaunin direba ta nemi inda za ta gyara madubin gefe. Mai sayarwar ya nuna mata cewa sai ta shiga allo ta zaɓa, sannan ta daidaita da madannan sitiyari. Ta juyo ta dube ni ta ce, “Abbansu, ni da kai muna musayar mota safe da yamma. Ni dai ina son abin da zan laluba da hannu idona na kan titi.” Motar tana iya tuna saitin kowane direba, an yi mata wannan bayanin, amma ra'ayinta ya riga ya zauna. Da muka haɗa da farashin da ya doshi fam 100,000, sai na haɗiye son zuciyata.

Saura 'yan Koriya biyu, waɗanda a zahiri 'yan gida ɗaya ne: kamfanonin biyu ƙarƙashin inuwa ɗaya suke, motocin kuma a kan ginshiƙi ɗaya aka gina su. Ioniq 9 ta fi girman batir, kilowat-awa 110, ta kuma fi nisan zango. EV9 tana da 99.8. Dukansu sun fara daga wajen fam 65,000. Na san wasu za su ce ai Kia ba motar alfarma ba ce, wani abokina ma cewa ya yi, “Dakta guda, ka rasa abin hawa sai Kia?” Ina ganin wanda ya faɗi haka Kia ɗin shekarun 2000 yake tunawa. Wannan ita ta ci kyautar motar shekara ta duniya a 2024, garantinta a nan shekara bakwai ne ko mil 100,000, kuma mutumin da ya biya fam dubu sittin da wani abu bai sayi motar talaka ba, ko wane tambari ke gabanta.

Abin da ya sa muka tsaya a kan EV9 siffarta ce. Murabba'i aka yi ta, rufin bai zube ta baya ba, don haka ɗana ya zauna a layi na uku kansa bai taɓa sama ba, da aka ɗan turo kujerar gabansa gwiwarsa ma ta samu wuri. Madanni ɗaya ake latsawa a kafaɗar kujerar tsakiya ta zame gaba a shiga. A can baya akwai maƙalan kujerar jarirai, da wurin cajin waya kowane gefe, wanda duk mai 'ya'ya matasa ya san rigimar da wannan ke kashewa. Akwai samfurin mai kujera shida, inda kujerun tsakiya biyu ke zaman kansu har da wurin miƙe ƙafa. Hajiya ta gwada ta ce ita wannan ta yi mata. Na ce, “Hajiya, idan muka ɗauki wannan, mutum ɗaya zai riƙa zama a gida.” Ta ce to a bar ta.

But ɗin kuwa, wato wurin zuba kaya na baya, kada kowa ya ruɗe ku. Idan kujeru bakwai suna tsaye, lita 333 ce ta rage a EV9, a Volvo 310. Keken jariri da cefanen mako zai shiga, buhun shinkafa daga shagon 'yan Pakistan ma zai kwanta. Amma ranar ɗauko Hajiya daga filin jirgi, da akwatuna biyu masu kilo 23 kowanne, da jakar kuka da daddawa da yaji (ban da kilishi, kwastam ɗin nan ba sa barin nama ya shigo), dole a kwantar da layi na uku, yara biyu su jira a gida. A gaba, inda inji ke zama a motar mai, akwai ɗan akwati da muke ajiye wayar caji.

Batun kuɗi shi ne inda na fi daɗewa ina lissafi. Saye kai tsaye ban ma yi tunaninsa ba: manyan motocin lantarki suna saurin zubar da daraja, duk wanda ya duba farashin 'yan shekara uku a kasuwar na hannu zai gani. Tsarin biya kaɗan-kaɗan da dilolin nan ke tallatawa kuma da kuɗin ruwa a ciki, ni hankalina bai kwanta da shi ba. Haya ta fi min sauƙi a zuciya: na san abin da zan biya kowane wata, har da inshora da gyara da taya, idan wa'adi ya cika in mayar musu da abarsu. Sai dai akwai abin da ba kowa ke faɗa ba. Tunda albashinka ya ragu a takarda, abin da ake tara maka na fansho ma yana iya raguwa, ya danganta da tsarin wurin aikinka, kuma idan ka bar aikin kafin wa'adi akwai tara. Ka nemi a rubuta maka waɗannan biyun kafin ka sa hannu. Sannan daga Afrilun 2025 motocin lantarki ma sun shiga biyan harajin hanya, wanda a shekarar 2025/26 fam 195 ne, masu tsada irin waɗannan kuma da wani ƙari na tsawon shekara biyar, wanda a wannan shekarar fam 425 ne. A haya an cusa shi cikin kuɗin wata. Wanda ya saya da kansa shi zai riƙa biya.

Duk wanda ya tambaye ni ko ya sayi irin wannan mota, tambayata ta farko ita ce: kana da filin ajiye mota a ƙofar gidanka? Idan akwai, za a kafa maka abin caji mai kilowat 7 a bango, ka shiga tsarin wutar dare mai araha. Mu wajen fene 7 (fene 100 ne fam ɗaya) muke biyan kowane kilowat-awa da tsakar dare, wato cika batirin gaba ɗaya bai wuce fam 7 da 'yan canji ba. Awannin arahar ba sa isa a cika shi daga ƙasa a dare ɗaya, amma kai yara makaranta da islamiyya da zuwa aiki ba sa cin ko kashi ɗaya cikin huɗu. A tashoshin cajin gaggawa na babbar hanya kuwa, wutar nan ɗaya sai ka biya ta fene 70 zuwa 85, har harajin kaya ma ya bambanta: kashi 5 a gida, kashi 20 a waje. Wanda ke zaune a bene ko a layin gidajen da ake ajiye mota bakin titi, cajin waje zai dogara da shi, kuma da wuya ya ga wani rangwame a kan dizal. Irin wannan ni ba na ba shi shawarar ya shiga yanzu.

Zango ma a rage buri. A takarda mai jan tayoyin baya kawai tana yin mil 349, mai jan huɗu da muka ɗauka 313. A watan Janairu, a kan babbar hanyar M6, da mutum bakwai da hita a kunne, ni mil 230 nake sa wa raina. Daga nan zuwa Landan wajen mil 200 ne, don haka muna tsayawa sau ɗaya. Tsarin wutarta na bolt 800 ne, idan ka samu na'ura mai ƙarfi tana tashi daga kashi 10 zuwa 80 cikin minti 24 ko kusa. Kafin yara su shiga banɗaki, mu yi alwala mu yi sallah, Hajiya ta sha shayinta, saƙo ya shigo waya cewa ta yi. Ranar da ake cunkoson hutu dai za ka iya tarar da layi, wannan sai haƙuri.

Abin da har yanzu ban saba da shi ba girmanta ne. Tsawonta ya ɗan haura mita 5, faɗinta ya kusa mita 2 ban da madubai, alhali ma'aunin gurbin ajiye mota a ƙasar nan mita 4.8 ne da 2.4, tun zamanin ƙananan motoci aka tsara shi. A babban kanti can ƙarshen fili nake kai ta, inda babu kowa, uwargida tana mita. Ranar Juma'a kuwa na koma tafiya masallaci da wuri, don idan layin ya cika babu inda zan cusa ta. Nauyinta ya kai tan biyu da rabi, kuma an gargaɗe ni cewa tana cin taya, wani dalilin da ya sa na ji daɗin taya tana cikin kuɗin hayar.

Ƙanena da ke Kano, da na nuna masa ta bidiyo cewa ana iya jona firji ko tukunyar shayi a jikinta ta ba da wuta fiye da kilowat 3, bai tambayi gudu ko kujera ba. Cewa ya yi, “Yaya, ai wannan janareto ne mai taya. Idan ka gama da ita ka turo min.” Na tuna masa cewa ta haya ce, sannan sitiyarinta a dama yake, Najeriya kuwa tun 1972 ta koma tuƙi a hannun dama, ba a yarda a shigo da irinta ba. Ya ce to in bincika masa farashin ta Dubai.