Yawan jama'a da aikin yi a Kano: lissafin da ya kamata kwaleji ta yi kafin ta buɗe sabon kwas

Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano tana da makarantu a cikin birni, tana da ta nazarin muhalli a Gwarzo, tana da ta fasahar karkara da koyon sana'a a Rano. Ga Kwalejin Noma ta Audu Bako a Dambatta, ga ta horar da malaman fasaha ta tarayya a Bichi. Dukansu a rijiya ɗaya suke ɗiban ruwa, wato yaran ƙananan hukumomi 44 na jihar, kuma kasuwa ɗaya suke tura waɗanda suka yaye. Saboda haka kafin a ƙara ko kujera ɗaya a aji, akwai tambaya biyu da dole a amsa su da alƙalami a hannu: yara nawa ne ke tasowa, kuma a ina za su ci abinci da abin da aka koya musu?

A fara da kawunan. Ƙidayar 1991 ta ba Kano mutum 5,810,470, bayan an cire Jigawa a watan Agustan shekarar. Ta 2006 ta ba ta 9,401,288. Idan aka lissafa ƙarin shekara bisa shekara, na kowace shekara yana hawa kan na baya, zai ba da kusan kashi 3.3 cikin ɗari a kowace shekara. Hanya mai sauƙi ta gane nauyin wannan adadi ita ce a raba 70 da 3.3, a samu 21: duk bayan shekara 21 jama'a na ninkawa. Ke nan, idan tafiyar ba ta sauya ba, zuwa 2027 Kano za ta haura miliyan 18. Tun 2006 ba a sake ƙidaya ba, wadda aka shirya a 2023 ma ɗage ta aka yi, don haka duk adadin da ake faɗa yau hasashe ne da aka ɗora a kan tsohon tushe. Amma babu alamar tafiyar ta yi sanyi sosai. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya nuna mace a Kano tana haihuwar 6.5 a matsakaici, ƙasa baki ɗaya 5.3, Legas kuwa 3.4.

Adadin da kwaleji ta fi buƙata shi ne na masu cika shekara 18 a kowace shekara. Mu sassauta, mu ɗauka jihar tana da miliyan 16, kuma mutum biyu ne cikin ɗari ke kai wannan shekaru. Zai ba da 320,000 a shekara, kusan 900 a kowace rana ta Allah. A haɗa duk guraben ƙaro karatu na jihar, da jami'o'i da kwalejoji, ba za su ɗauke ko kusa da rabin wannan ba. Sauran suna shiga kasuwa, ko gareji, ko gona, ko ɗakin miji, ko majalisar bakin titi.

Kuskuren da aka fi yi a wannan lissafi shi ne a ɗauki 3.3 ɗin nan a shafa wa kowace ƙaramar hukuma daidai-wa-daida. A 2006 ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni, wato Birni, Dala, Fagge, Gwale, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, suna da kusan miliyan 2.8, wajen kashi 30 na jihar. To amma Birni da Fagge sun cika sun batse tun tuni, babu filin da za a yanka. Saurayin da aka haifa a Mandawari ko Yakasai, idan zai yi aure, awon igiya yake nema a Rijiyar Zaki, ko Bachirawa, ko Ɗanbare, ko ya dangana har ƙasar Gezawa da Dawakin Kudu. Ga kuma waɗanda rashin tsaro ya koro daga Borno da Yobe, daga baya Zamfara da Katsina, su ma bakin gari suke sauka. Duk wanda ya yi hasashe da kaso ɗaya zai cika yara a inda babu su, ya rage su a inda suke. Sakamakonsa a aikace shi ne ɗalibar da za ta hau A Daidaita Sahu biyu ko uku kafin ta iso aji, kuma tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin motar nan kaɗai ya isa ya fitar da yaro daga makaranta.

Gyaran ba wuya. Yaron da zai nemi gurbi a 2035 an riga an haife shi, yana firamare yanzu. A karɓi rajistar ƙidayar makarantu ta shekara-shekara daga ma'aikatar ilimi, a bi aji ɗaya a ga nawa suka shiga aji ɗaya na firamare, nawa suka kai aji shida, nawa suka haye ƙaramar sakandare, nawa suka zauna WAEC ko NECO. A yi wannan ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, maza daban, mata daban. A gwada shi da adadin yaran da masu rigakafi ke samu gida-gida, da rajistar zaɓe, wadda ta nuna kusan miliyan 5.9 a 2023. Kowanne da lauje cikin naɗinsa: shugaban makaranta kan ƙara suna don a ƙara masa kaso, rajistar zaɓe kuma ba a cika goge mamata da waɗanda suka ƙaura ba. Idan biyu cikin uku suka yi kusa da juna, sai a riƙe su. A kuma kula da lokacin da aka yi ƙirga. Ƙauyen da aka shiga a watan Fabrairu za a tarar samarinsa sun tafi ci-rani, wanda aka shiga a Yuli kuwa kowa yana gona.

Ɓangaren aikin yi ya fi ruɗarwa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 rashin aiki ya kai kashi 33.3. A 2023 ta sauya ma'auni, adadin ya faɗo zuwa 4.1 a rubu'in farko na shekarar. Ba ayyuka ne suka sauko daga sama ba. Sabon ma'aunin yana ɗaukar duk wanda ya yi aikin samun kuɗi ko na awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki. Mai difloma da ke riƙe wa yayansa na'urar POS da yamma, a wannan lissafi, ya samu aiki. Abin da ya fi amfani a rahoton shi ne inda ya nuna sama da kashi 90 na masu aiki a Najeriya suna cikin sana'o'in da ba su da rajista ko takardar ɗaukar aiki. Kwalejin da har yanzu take tsara kwasa-kwasanta tamkar kowane ɗalibi zai samu kujera a sakatariyar gwamnatin jiha ta Audu Bako, tana shirya yara ne don ƙofar da mutum ɗaya cikin goma ma da kyar yake shiga. Tsarin ƙasa ya ce a kwalejojin kimiyya da fasaha kashi 70 na ɗalibai su zama na kimiyya da fasaha, 30 na sauran fannoni. Abin da ke jan makarantu su karkata ga darussan mulki da kasuwanci kowa ya san shi: allo da alli sun isa, ba sai an sayi injin ko an zuba wa janareto mai ba.

To ina aikin yake? Bompai, Sharaɗa da Challawa ba su koma yadda suke kafin tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da kwararowar yadin waje ba, kuma masaƙu ba za su sake ɗaukar dubbai ba nan kusa. Waɗanda suka rayu su ne masu roba, masu casar shinkafa, masu matse mai, majemu da masu ruwan leda. Waɗannan ba akawu suke nema ba. Suna neman wanda zai iya karanta zanen wayarin, ya gano dalilin da ya sa injin lantarki mai layin wuta uku ke zafi, ya saita injin zuba roba. Idan injin ya tsaya, sau da yawa sai an ɗauko mai gyara daga Legas, a biya masa jirgi da masauki, alhali yara masu takarda suna zaune a bakin ƙofa.

Tun da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 a kowane yunit a Afrilun 2024, kasuwar sola ta buɗe, kuma a nan ne ake ganin bambancin wanda ya koya da wanda ya kwaikwaya. Ga gida mai fanka uku na wat 70, ƙwan lantarki goma na wat 10, da talabijin mai wat 90. Jimla wat 400. Idan ana so su yi awa takwas da dare, ana buƙatar 400 sau takwas, wato 3,200, a ƙara abin da inbata ke cinyewa ya kusa 3,800. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗaukar 2,400 a rubuce, amma idan na ruwa ne rabi kaɗai ya kamata a sha, wato 1,200. Gidan nan batir huɗu yake so. Yaron da ya koya da ido sai ya sa biyu don ya yi wa mai gida sauƙi, kullum dare a zuƙe su ƙarƙaf, ga zafin Afrilu, kafin shekara sun mutu. Ya sa siririyar waya ta riƙa ɗumi, bai gaya wa mai gida ya riƙa goge ƙurar hunturu daga kan farantin sola ba. Wannan darasin wata uku ne zuwa shida, ba na shekara biyar ba.

Haka abin yake a noma. Ruwan madatsar Tiga yana ciyar da Kura, Bunkure da Garun Malam da shinkafa, alkama da tumatir, kasuwar Dawanau kuma tana tattara riɗi, zoɓo, waken suya da citta zuwa ƙetare. Gurbin da ke nan shi ne na abin da ke biyo bayan girbi. Shanshera tana son danshinta ya sauko wajen kashi 14 kafin a casa. In ta fi haka jiƙa za ta yi fumfuna a buhu, in ta bushe ƙayau za ta kakkarye a injin, farashi ya faɗi. Ɗan kasuwa yana gwadawa da haƙori, mai saye daga waje kuwa na'ura yake so da takarda. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari da ake zuba masa a ajiya. Yarinya ko yaron da ya iya auna danshi, ya iya ɗaukar samfur daga buhu ɗari, ya san adana wake a buhu mai hana iska ba tare da magani ba, ba zai rasa mai nemansa a Dawanau ba.

Mata su ne aka fi mantawa a lissafi. Mai bincike namiji ya yi sallama a zaure, mai gida ya ce iyalinsa ba ta aiki, a rubuta. Alhali a tsakar gidan ana ɗinki, ana haɗa turaren wuta, ana suyar ƙuli-ƙuli, ana tallata atamfa ta WhatsApp. Sai mace ta shiga ta tambaya, kuma ba "kina aiki?" za ta ce ba, "me kike sayarwa?" za ta ce. Ga asibitocin karkara da ke kukan rashin ungozoma, ga mata da yawa ba sa yarda namiji ya duba su. Yawan haihuwar da aka ambata a sama shi kansa gurbin aiki ne.

Kwaleji ba za ta san ko kwas ɗinta na da kasuwa ba sai ta bi sawun waɗanda ta yaye. Ranar karɓar sakamako a karɓi lamba uku: ta ɗalibi, ta mahaifi ko mariƙi, da ta aboki, domin yara suna sauya layi. A kira bayan wata shida, a sake kira bayan wata 18. Masu babbar difloma a fara ƙirga musu bayan sun gama hidimar ƙasa, in ba haka ba alawus zai shiga lissafi a matsayin albashi. Tambayoyin kada su wuce biyar: me kake yi, wa ke biyanka, kwana nawa a mako, kana amfani da abin da ka karanta, abin da kake samu ya kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ko bai kai ba. Wanda ya ce "ana dai buga-buga" a bi shi a hankali har ya fayyace. Babban ramin shi ne waɗanda suka dace su ke ɗaga waya da fara'a, wanda ke zaune kuwa kunya ta hana shi. Idan cikin 200 mutum 60 kaɗai aka samu, ba a ce komai ba tukuna, sai an nemo wasu daga cikin 140 ɗin ta hannun iyayensu.

Masu ɗaukar aiki ma akwai yadda ake tambayarsu. Idan aka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Farm Centre aka ce "kuna buƙatar ma'aikata?", kowa zai ce e, don ya zaci tallafi aka kawo. A tambayi oga: wa ka ɗauka na ƙarshe, wata nawa ka yi kana nema, wane aiki ne ka mayar a watan nan don babu mai yi? Malaman da ke zagayen duba ɗalibai a lokacin koyon aiki na SIWES za su iya cika wannan a tafiya ɗaya, in dai da gaske za a je wurin, ba a sa hannu a littafi a ofis ba.

Sai batun lokaci. Difloma shekara biyu, aikin gwaji shekara ɗaya, babbar difloma shekara biyu, ga jiran amincewar NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, kafin a fara. Kafin rukunin farko ya fito, an doshi shekara bakwai, kasuwar ta sauya fuska. Shi ya sa gajerun kwasa-kwasai na tsarin shaidar ƙwarewa ta ƙasa suka fi dacewa da irin su sola, famfon ban-ruwa da mayar da mota mai amfani da iskar gas. Tsarin ya yarda a gwada bakanike ko mai walda a kan abin da hannunsa ya riga ya iya a ba shi takarda, kamar yadda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta yi da masu sana'a na kasuwar Panteka. Amma yaron gareji ba zai bar ogansa da ƙarfe goma na safe ya zo aji ba. Darasinsa sai bayan la'asar, ko ranar Lahadi, a wurin da zai iya zuwa da ƙafa, kuma na ƙasar Rano da Dambatta a fara shi bayan an kai amfanin gona gida, a rufe kafin ruwan shuka.