Kwana a rugar Ardo, bayan Gaya

Ranar Juma'a na sauka Wudil, kasuwa ta cika maƙil. Ɗan acaɓa ya yanka mini kuɗi kamar zai kai ni Dutse, sai da muka yi ta ciniki kafin ya yarda. A hanya wani mai kaki ya tsare mu, ko sallama babu, yana zazzage jakata. A unguwarmu ko yaro ba ya yi wa babba haka.

Ardo kuwa, Allah ya saka masa. Ban gama gaisuwa ba aka dire mini ƙwaryar fura da kindirmo mai kauri, ba irin tsararon da ake sayar mana a birni da tsada ba. Na ciro kuɗi, ya ce, "Haba ɗana, baƙo ne kai."

Da safe malamin dabbobi ya zo da tukunyar sanyi a bayan babur. Ya buɗe, farin hayaƙi ya tashi, ya zaro wani siririn tsinke. Maniyyin bijimin Turai ne, a daskare cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Da shi ya yi wa wata karsana Bunaji barbara.

Takardar bijimin ce ta tsaya mini a rai. An rubuta yawan madarar 'ya'yansa mata, da maiƙonta, da lafiyar hantsarsu. Akwai cibiyar Interbull a Uppsala ta ƙasar Suwidin, inda ƙasashe ke tura bayanan shanunsu a haɗa a gwada, har manomin Faransa ya san darajar bijimin Amurka. Amma shanun da aka auna ba su san zafin Afrilu na Gaya ba, ba su san kaskarmu ba.

Na ce wa Ardo, "Baffa, saniyar nan ruwa-biyu lita nawa take bayarwa?" Ya ce ta ninka Bunaji, sai dai ci, ga haki da rana. Ya san uwar kowace saniya da kakarta, amma duk a ka. Wannan ya dame ni ƙwarai. A cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, an daɗe ana haɗa Firishiyan, shanun madara na Turai, da Bunaji, to wa ke rubuta abin da ke faruwa a ruga? Na roƙi ɗansa ɗan sakandare ya riƙa rubuta tatsar kowace safiya, ya amsa.

Dawowa ta Dawakin Kudu na biyo. Ƙura, cunkoso, ga kuɗin mota an ƙara.